KESIN: GARIN GINA TSOKA KO GUDAJIN NONO?

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan harkar ɗaga ƙarfe ta samu karɓuwa ƙwarai a tsakanin matasa, musamman ɗaliban manyan makarantu. Da wuya mutum ya zagaya bayan ɗakunan kwanan ɗalibai maza bai ga sandar ƙarfe da aka yi wa kawuna da siminti ba, ga kuma gidajen motsa jiki da ake ta buɗewa a birane. Tare da wannan harka sai ga waɗansu manyan robobi na gari sun cika kantuna, an liƙa musu hotunan ƙarti masu murɗaɗɗen jiki. Ɗaya daga cikin irin wannan gari shi ne kesin, wanda masu tallarsa ke cewa yana gina tsoka alhali mutum na barci.

Na ga ya dace in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wannan gari saboda dalilai biyu. Na farko, kusan duk abin da aka rubuta a kansa da Ingilishi ne, kuma mafi yawa daga bakin masu sayarwa ya fito. Na biyu, akwai kuɗi da lafiya a cikin maganar, domin ɗalibi na iya ƙuntata wa cikinsa ya sayi roba guda, yana zaton ya samo wani sirri. Saboda haka wannan maƙala za ta duba asalin kesin, da yadda yake aiki a jiki, da abin da bincike ya tabbatar, da kuma inda haɗarinsa yake.

Asalin Sunan

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmar. Turawa na rubuta ta casein, sun kuwa samo ta daga kalmar Latin caseus, wadda ke nufin cuku. Daga wannan tushe ne Ingilishi da Jamusanci da Sifaniyanci suka samu nasu kalmomin na cuku. Ita kuwa kalmar furotin, wato sinadarin gina jiki, daga Girkanci aka ƙirƙiro ta, ma'anarta abin da ke sahun gaba. Masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya ba da shawarar sunan a shekarar 1838. Ke nan idan muka fassara kesin da "furotin ɗin cuku" ba mu kauce hanya ba, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa abin ba baƙo ba ne a wurin duk wanda ya san nono.

Mene ne Kesin?

A cikin lita guda ta madarar shanu akwai furotin kimanin giram 33. Wannan furotin iri biyu ne. Kashi 80 cikin 100 kesin ne, sauran kashi 20 kuwa shi ne wanda ke zama a cikin tsararon ruwan da ke rabuwa idan madara ta tsinke. Wannan na biyun shi ake rubuta wa whey a jikin robobi, a nan zan riƙa kiransa furotin ɗin ruwan cuku.

Kesin ba ya narkewa a madara kamar yadda gishiri ke narkewa a ruwa. Yana zaune ne a dunƙule, cikin waɗansu mitsi-mitsin ƙwallaye da ido ba ya gani, waɗanda sinadarin kalsiyam ya ɗaure. A bayan kowane ƙwallo akwai wani nau'in kesin da ake kira kafa, wanda ya yi masa kamar gashi, shi ke hana ƙwallayen mannewa da juna. Waɗannan ƙwallaye na daga cikin abin da ya sa madara take fara.

Abubuwa biyu ke rushe wannan tsari. Na farko shi ne tsami. Idan aka kwantar da madara, ƙwayoyin halitta na cinye sukarin da ke cikinta su mai da shi tsami, sai ƙwallayen su manne da juna, madara ta yi kauri. Kindirmo ke nan. Na biyu shi ne wani sinadari da ke cikin tumbin ɗan maraƙi, wanda ke aske gashin nan, sai madara ta kama nan take. Da shi Turawa ke yin cukunsu. A ƙasar nan kuwa, matan Fulani da ke yankin Yarabawa na amfani da ruwan ganyen tumfafiya wajen yin cukun da ake kira wara, domin shi ma yana da sinadarin da ke kama madara. Duk farin gudajin da aka tsame a waɗannan hanyoyi, ƙashin bayansa kesin ne.

Yadda Ake Mai da Shi Gari

A masana'anta, da farko akan cire man madarar. Daga nan hanya ta rabu uku. Akwai wanda ake tacewa ta wani rariya mai ƙananan ƙofofi ainun, ƙwallayen su tsaya a sama, ruwa da sukari su wuce, sannan a busar. Wannan shi ake rubuta wa micellar casein, shi ne kuma masu ɗaga ƙarfe suka fi nema. Akwai wanda ake tsinkawa da tsami, a wanke, a kashe tsamin da wani sinadari, a busar. Shi ne caseinate, wanda kamfanonin abinci ke sawa a kayayyaki da dama. Na uku shi ne wanda aka riga aka farfasa da sinadaran narkar da abinci tun a masana'anta, saboda haka ba ya daɗewa a ciki. Bayan wannan sai a zuba ɗanɗanon cakulan ko fanila da abin zaƙi, a ɗura a roba. Cokalin awo guda, wato kimanin giram 30 na gari, yakan ba da furotin wajen giram 24.

Yadda Tsoka Ke Ginuwa

Kafin mu fahimci amfanin kesin, sai mun san yadda tsoka ke girma. Furotin ginanne ne daga waɗansu tubala da ake kira amino asid, iri 20. Guda 9 daga ciki jiki ba ya iya yin su da kansa, dole sai daga abinci. Idan mutum ya ci nama ko wake ko nono, ciki da hanji na warware furotin ɗin su mai da shi tubala, jini ya kwashe ya rarraba.

Tsokar ɗan Adam kuwa kullum cikin rushewa da ginuwa take, dare da rana. Bayan cin abinci gini na rinjaye, idan yunwa ta daɗe rushewa ta rinjaya. Ɗaga nauyi shi ke ba tsoka umarnin ta ƙara gini, kuma wannan umarni yakan ci gaba da aiki har kwana guda ko fiye. Idan gini ya riƙa rinjayar rushewa mako bayan mako, sai a ga ƙwanji ya fito. A nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda: motsa jiki shi ne magini, furotin tubali ne kawai. Wanda ya tara tubali a ƙofar gida babu magini, ba zai wayi gari ya ga ɗaki ba.

Mai Sauri da Mai Nawa

Shaharar kesin a wurin 'yan wasa ta samo asali ne daga wani bincike da Yves Boirie da abokan aikinsa suka buga a shekarar 1997, a birnin Clermont-Ferrand na ƙasar Faransa. Sun ba waɗansu matasa lafiyayyu furotin ɗin ruwan cuku, waɗansu kuma kesin, suka bi diddigin jininsu har awa 7. Sai suka ga na ruwan cuku na shiga jini da sauri, ya yi sama, ya sauko nan da nan. Ya ƙara ginin furotin a jiki da kashi 68 cikin 100, amma bai rage rushewa ba. Kesin kuwa a hankali yake shiga, ya daɗe. Ya ƙara gini da kashi 31 kawai, amma ya rage rushewa da kashi 34. Daga nan aka fara maganar furotin mai sauri da furotin mai nawa.

Dalilin wannan bambanci bai wuce abin da muka gani a ƙwaryar kindirmo ba. Cikin mutum na da tsami mai ƙarfi. Da kesin ya isa can sai ya kama ya yi gudaji, ciki ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa hanji. Shi kuwa na ruwan cuku ba ya kamawa, sai ya zarce.

Sai dai a lura, wancan bincike furotin ɗin jiki gaba ɗaya ya auna, har da na hanta da hanji, ba na tsoka kaɗai ba. Da masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka auna tsoka ita kanta a shekarar 2009, cikin awannin farko bayan ɗaga nauyi, sai suka ga furotin ɗin ruwan cuku ne a gaba, na waken soya na biye, kesin na ƙarshe. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne na ruwan cuku ya fi yawan wani tubali mai suna lusin, wanda ke zaburar da tsoka ta fara gini.

Batun Sha Kafin Barci

Tun da kesin na daɗewa a ciki, sai aka yi tunanin ko zai yi amfani da dare, lokacin da mutum ke shafe awa 7 ko 8 bai ci kome ba. A shekarar 2012 wata tawaga a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Luc van Loon, ta gwada wannan a kan samari 16. Bayan sun ɗaga nauyi da yamma, an ba rabinsu kesin giram 40 minti 30 kafin su kwanta, sauran aka ba su abin sha marar furotin. An samu cewa ciki na narkar da kesin sarai ko ana barci, kuma ginin tsoka a daren ya fi na ɗaya rukunin da kimanin kashi 22 cikin 100.

A 2015 wannan tawaga ta sake wani gwaji mai tsawo, da samari 44 na tsawon mako 12. Waɗanda aka ba furotin giram 27.5 kowane dare sun fi sauran ƙaruwar tsoka da ƙarfi. Wannan sakamako ne masu talla suka fi riƙewa. Amma akwai tambayar da ya bari a buɗe: waɗanda suka sha kesin sun fi sauran cin furotin a jimlace kowace rana. To, lokacin shan ne ya yi aiki, ko kuwa ƙarin adadin?

Wani ƙaramin gwaji da aka buga a Amurka a 2018 ya taɓo wannan tambaya. Maza 13 aka raba biyu, waɗansu na shan kesin giram 35 da rana, waɗansu da dare, na tsawon mako 10. Duk sun ƙaru, kuma ba a ga wani bambanci tsakaninsu ba. Har ila yau, a 2023 tawagar Maastricht ta kwatanta kesin da furotin ɗin ruwan cuku kafin barci, ta ga duka biyun sun ƙara ginin tsoka da dare daidai wa daida. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, shan kesin da dare wata dama ce ta ƙara furotin a kan na yini, ba wani sirri ne da ke cikin dare ko cikin kesin ba.

Nawa Jiki Ke Buƙata?

Idan adadi ne ke aiki, sai mu tambaya, nawa ne adadin? Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2007, ta sa giram 0.83 na furotin ga kowane kilo na nauyin baligi a rana. Mai nauyin kilo 70 ke nan yana buƙatar wajen giram 58. Mai ɗaga nauyi ya fi haka buƙata. A 2018 Robert Morton da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutane 1,863, suka gano cewa amfanin ƙarin furotin na tsayawa ne a wajen giram 1.6 ga kowane kilo. Mai kilo 70 ke nan giram 112 ya ishe shi, abin da ya haura wannan ba ya ƙara tsoka a mafi yawan mutane.

Akwai wani adadi a cikin wannan nazari da ya kamata duk mai shirin sayen roba ya ji. A matsakaici, ƙarin tsokar da masu shan furotin suka samu a kan waɗanda ke ɗaga nauyi ba tare da sha ba, kimanin giram 300 ne kacal a tsawon gwajin. Amfani ne, ba a musu, amma ya yi nisa da hoton ƙaton da ke jikin robar.

Inda Haɗarin Yake

Kesin tsantsa abinci ne, ba ƙwaya ba ce, kuma ba ya cikin jerin abubuwan da aka haramta wa 'yan wasa. Matsalar ita ce, ba kullum abin da aka rubuta a roba ne ke cikinta ba. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nemi amincewar hukumar abinci da magunguna kafin ya kai irin wannan kaya kasuwa ba.

Tsakanin 2000 da 2001 wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus, da tallafin Kwamitin Olamfik na Duniya, ya sayi kayan ƙarin kuzari iri-iri har 634 daga ƙasashe 13. An samu 94 daga ciki, wato kusan kashi 15 cikin 100, ɗauke da haramtattun sinadaran kumbura tsoka waɗanda ba a rubuta a jiki ba. Ga ɗan wasa wannan babbar magana ce, domin a dokar hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, wato WADA, duk abin da aka samu a fitsarinka ko jininka kai ke da alhakinsa, ko da saninka ko babu. Ɗalibin da ke wakiltar jami'arsa ko jiharsa na iya rasa lambarsa a kan cokali guda na gari.

Sai kuma algus. Hanyar da aka saba auna furotin ita ce a auna sinadarin naitirojin da ke cikin abinci a yi lissafi. Maha'inta sun gane haka, sai su zuba wani abu mai arha mai yawan naitirojin, awo ya nuna furotin alhali babu. Mafi munin misali shi ne abin da ya faru a ƙasar Sin a 2008, inda aka zuba sinadarin melamin a madarar jarirai, yara kimanin 300,000 suka kamu da rashin lafiya, 6 suka rasu. A garin 'yan wasa ma an sha kama masu cika roba da tubala masu arha irin su gilaisin don awo ya hau. Saboda haka duk wanda zai saya ya duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da hatimin murfi, ya kuma guji wanda ake aunawa a leda ba suna. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su sha ba sai da shawarar likita. Mai ciwon ƙoda na farko, domin ƙoda ce ke fitar da dattin da furotin ke bari. Sai wanda jikinsa ke ƙin furotin ɗin madara, ya yi ƙuraje ko kumburi ko numfashinsa ya sarƙe, wannan kesin guba ne a gare shi. Shi daban yake da wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa saboda sukarinta. Wannan na biyun yakan iya shan kindirmo ko garin kesin ba tare da damuwa sosai ba, tun da sukarin ya ragu a cikinsu.

Abin da Ke Cikin Ƙwarya

Idan muka koma ga lissafin farko, lita guda ta madara na da kesin wajen giram 26, wato kusan daidai da cokalin awo guda na garin. Kindirmo da cuku da wara duk kesin ne, haka ma madarar gari, sai dai a duba bayanin da ke jikin ledarta, domin yawan furotin ya bambanta daga iri zuwa iri. Ina jan hankalin mai karatu kada ya haɗa wara da awara. Sunayen sun yi kama, amma awara da waken soya ake yin ta, furotin ɗinta mai kyau ne, sai dai ba kesin ba ne.

Ga misalin yadda mai kilo 70 zai kai giram 112 a yini: ƙwai 3 na ba da giram 18, rabin lita na kindirmo 16, wake giram 100 kafin a dafa 23, dafaffen kifi ko nama giram 100 wajen 25, gyaɗa giram 50 kuma 13. An samu 95 ke nan, ragowar kuwa burodi da shinkafa da tuwo za su cike. Wanda ke son ya gwada dabarar dare sai ya ajiye kindirmonsa ya sha kafin ya kwanta. Sharaɗi guda shi ne a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka da waɗansu cututtukan dabbobi.

Wannan ba ya nufin garin ba shi da rana. Lita guda ta madara na ɗauke da mai da sukari masu yawa, ƙarfin abincinta ya haura kalori 600, alhali cokalin gari bai fi 120 ba. Ɗan dambe ko ɗan kokawar da ke tsaron nauyinsa, ko ɗan wasan da ke yawan tafiye-tafiye, ko wanda ba ya iya cin abinci da yawa, duk suna iya amfana da shi. Sauƙi ne mutum ke saye, ba wani sinadari da babu shi a kasuwar unguwa ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa kesin shi ne babban furotin ɗin madara, yana kamawa a ciki ya narke a hankali, kuma bincike ya nuna yana taimaka wa mai ɗaga nauyi gwargwadon yadda ya cike masa adadin furotin ɗin da yake buƙata a yini. Shawarata ga 'yan'uwa masu wannan harka ita ce su bi abin daki-daki: atisaye a kai a kai, barci isasshe, abinci mai gina jiki, sannan in akwai giɓi kuma aljihu zai ɗauka, a nemi gari mai inganci. Tsoka wata da watanni take ɗauka kafin ta fito, sannu kuwa ba ta hana zuwa.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai jan aiki a gabanmu. Fannin abinci da wasanni cike yake da kalmomin da ba a daidaita fassararsu ba, matasa kuwa na sayen abin da ba su iya karanta bayaninsa da harshensu. Ina fata waɗansu daga cikinmu za su ɗauki wannan fanni a kundin kammala karatunsu, su tattaro kalmomin da matan Fulani ke amfani da su wajen sarrafa nono, su gwama su da na masana kimiyya. Allah Ya ba mu lafiya da ilimi mai amfani, amin.